Kafin ka yi odar dashen zaitun ko inabi daga waje, ga yadda ake bi saboda cutar Xylella

Dan Allah duk mai niyyar shigo da dashen itace daga ƙasar waje, ko zaitun ne ko inabi ko lemu ko ma fulawar da ake ƙawata tsakar gida da ita, haka ma wanda yake shirin tafiya Turai yana so ya cusa ɗan reshen wani abu a jaka ya kai wa ɗan'uwa, ya ɗan tsaya ya karanta wannan tukuna. Yanzu harkar ta yi sauƙi da yawa, zaka ga mutum ya ga hoton dashe a Facebook ko a wani gurup na WhatsApp, ya tura kuɗi, bayan sati biyu ko uku kaya sun iso a kwali, babu wanda ya tambayi daga wace gona suka fito balle a yi maganar takarda. Toh akwai wata cuta ta tsirrai da ta sa ƙasashe da yawa suka sake dokokin shigo da dashe gaba ɗaya, sunanta Xylella fastidiosa, kuma hanyar da ta fi bi wajen tsallaka teku ita ce wannan, wato dashen da ido yake gani lafiya lau.

Ƙwayar bakteriya ce, ba tsutsa ba ce ba kuma funfuna ba, kuma ba a saman ganye take zama ba balle ka ce zaka yi feshi ka wanke ta. Cikin jijiyoyin da suke ɗauko ruwa daga saiwa zuwa ganye take shiga, ta yi ta hayayyafa tana taruwa tana yin wani yauƙi har ta toshe hanyar, kamar dai yadda laka take toshe tiyon ban-ruwa a fadama, inji yana ta aiki amma ruwa baya isa ƙarshen gona. Shi ya sa itacen da ya kamu yake nuna alamar ƙishirwa ko da kullum kana ba shi ruwa, bakin ganye ya fara bushewa, reshe ɗaya ya mutu sai na kusa da shi, a hankali a hankali har itacen ya tafi. Har yau kuma babu wani magani da aka tabbatar yana warkar da itacen da ya riga ya kamu a gona, wannan shi ne tashin hankalin, in ta shiga sai dai sara da ƙonawa.

Asalinta nahiyar Amurka ce. Tun shekarun 1880 ta cinye gonakin inabi a kudancin Kalifoniya wajen Anaheim, wani masani Newton Pierce ya yi rubutu a kanta a 1892 shi ya sa ake kiran ta cutar Pierce idan a jikin inabi ta bayyana, amma sai a 1987 aka raɗa wa ƙwayar sunan da ake kiran ta da shi yanzu. A shekarar nan ta 1987 ɗin ne ma aka fara ganin ta a gonakin lemu na Burazil, lemun ya dinga fitowa ƙanana masu tauri ba sa shiga kasuwa. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai, EFSA, tana da jerin tsirran da aka samu cutar a jikinsu, sun haura kala 600, a ciki har da ciyayi na banza da babu wanda yake kula su.

Amma abin da ya girgiza duniya shi ne na Italiya. A watan Oktoban 2013 aka tabbatar da ita a yankin Puglia, can kudancin Italiya, kusa da garin Gallipoli a lardin Lecce, wurin da zaitun shi ne rayuwar mutane, akwai itatuwan da suka shekara ɗaruruwa, kaka ya gada daga kakansa. Binciken da aka yi wa ƙwayar ya nuna danginta na kusa suna Kosta Rika, kuma abin da masana suka fi karkata a kai shi ne dashen kofi na ado ne ya shigo da ita wajen 2008, kaga kenan ta yi shekaru tana yaɗuwa shiru kafin a farga. Da gwamnati ta fito da shirin sare itatuwan da suka kamu da na kewaye da su sai mutane suka tayar, kuma wallahi ni ban ga laifin zuciyar manomin da aka ce ya sare itacen kakansa ba, amma abin ya wuce nan, aka dinga yaɗa cewa ƙarya ce makirci ne, har a Disambar 2015 masu gabatar da ƙara na Lecce suka dakatar da saran suka buɗe bincike a kan masanan da suka gano cutar. Sai a 2019 aka rufe binciken ba tare da an gurfanar da su ba, a shekarar kuma kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa Italiya ta gaza ɗaukar matakan da suka wajaba a kanta. Duk tsawon wannan jayayyar cutar bata tsaya jiran kowa ba, ta yi ta hawa arewa, ƙungiyar manoman Italiya Coldiretti tana ƙiyasin itatuwan zaitun miliyan 21 ne abin ya shafa. Irin zaitun da suka gada, Ogliarola salentina da Cellina di Nardò, su suka fi mutuwa, yanzu ana sake dasa Leccino da FS-17 da suke iya jurewa.

Daga nan sai aka dinga jin ta nan da can, tsibirin Kosika na Faransa a 2015, tsibirin Mayoka na Sifen a 2016, gonakin almon na Alicante a 2017, Fotugal kusa da Porto a farkon 2019.

Ita cutar bata tashi da iska, ƙwari ne suke ɗaukar ta, ƙwarin da suke soka baki su tsotsi ruwan jijiyar itace. A Italiya babban mai yaɗa ta wani ɗan ƙwaro ne da bai kai rabin inci ba, Philaenus spumarius. In ka taɓa bi ta cikin ciyawa da damina ka ga wata farar kumfa kamar an tofa yawu a jikin kara, ka sa tsinke ka buɗe kumfar zaka tarar da ɗan mitsitsin ƙwaro mai laushi a ciki yana motsi, toh danginsu ɗaya. Yana ƙarami yana cikin kumfar nan a jikin ciyawa, in ya girma ya yi fiffike sai ya hau itace, kuma babba in ya tsotsi itace mai cutar sau ɗaya shikenan zai ta rarraba ta har ya mutu. Abin da ya sa nake damuwa da mu a nan shi ne muna da irin waɗannan ƙwarin masu kumfa, akwai Poophilus costalis da Locris rubens da aka san su a gonakin dawa a Afirka ta Yamma, kuma ƙa'idar masana ita ce duk ƙwaron da yake shan ruwan wannan jijiyar ana ɗaukar sa a matsayin wanda zai iya yaɗa cutar. Sannan sanyi mai tsanani shi yake rage mata ƙarfi, mu kuma bamu da shi. Ba a ba da rahoton ta a hukumance a Najeriya ko Nijar ba, Alhamdulillahi, kuma ga mutanenmu na Kudan a jihar Kaduna sun rungumi noman inabi suna samun rufin asiri da shi, kwali ɗaya na dashe mai cutar ya isa ya jefa su cikin abin da basu taɓa gani ba.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, toh a wannan harkar ido bai san komai ba. Dashen zaitun yana iya ɗauke da ƙwayar sama da shekara ganyensa shar ba wata alama, wasu tsirran ma har abada ba za su nuna ba amma ƙwaro zai ɗauka daga jikinsu. Mai sayarwa zai iya rantse maka da gaskiyarsa cewa kayansa lafiya suke, ya turo maka bidiyo, kuma ba ƙarya yake ba a iya saninsa. Gwajin ɗakin bincike ne kawai, irin wanda ake kira PCR, yake iya nunawa. Duk takardun da zan lissafo a ƙasa dalilinsu kenan, ba wai don a wahalar da kai ba ne.

Idan kai ne mai shigo da dashe gida

Abu na farko, kuma nan ne mafi yawan mutane suke juya lamarin, famit ake fara nema kafin a biya kuɗin kaya, ba kaya su iso filin jirgi sannan a fara neman wanda zai taimaka ba. A Najeriya hukumar da take da wannan aikin ita ce NAQS, hukumar killace kayan noma, suna da jami'ai a filayen jiragen sama da tashoshin ruwa da kan iyakoki. A Nijar DGPV ce, babban ofishin kare tsirrai, a Gana kuma PPRSD. Zaka rubuta musu abin da kake son shigowa da shi, kuma ka rubuta sunan kimiyya, misali zaitun Olea europaea, inabi Vitis vinifera, da irin da kake so, da yawansa, da ƙasar da zai fito, da siffar da zai zo, wato reshe ne yankakke ko dashe mai saiwa ko ɗan tsiron kwalba da aka raina a ɗakin bincike, da ƙofar da zai shigo, da inda zaka dasa. Su kuma sai su duba haɗarin ƙasar da kayan, su ba ka famit ɗauke da sharuɗɗa, ko su ce a'a. In sun ce a'a dan Allah ka haƙura, kar ka ce bari a zagayo da shi ta wata ƙasa a mota, ƙwayar bata san kan iyaka ba.

Da famit ya fito sai ka tura wa mai sayarwa kwafinsa tun kafin ya taɓa kayan, domin sharuɗɗan da ke jiki su hukumar ƙasarsu zata bi ta duba sannan ta rubuta takardar shaidar lafiyar tsirrai. Wannan takardar ba kamfani ke bayar da ita ba, ba kuma ejan ɗin kiliyarin ba, hukumar kare tsirrai ta gwamnatin ƙasar da kayan suka fito ce kawai, bisa yarjejeniyar kare tsirrai ta duniya, IPPC, ta 1951 da ke ƙarƙashin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma siffarta kusan ɗaya ce a duk duniya. In mai sayarwa ya turo maka wata takarda mai tambarin gonarsa ya ce ai ita ce, ba ita ba ce. In ya ce ba sai an yi takarda ba shi yana da hanya, kullum yana turawa Afirka ba a taɓa kamawa ba, toh ka gode masa ka nemi wani, don mutumin da yake tura kaya ba dubawa shi ne ainihin wanda cuta take bi ta hannunsa.

Ka yi masa tambayoyi kafin ka biya, kuma a rubuce. A wace gona aka raini dashen, a wane lardi, ba wai ina ofishinsu yake ba, domin dillalai da yawa suna ƙasa ɗaya kayan kuma daga wata ƙasar suke saro su. Shin wurin yana cikin yankin da aka shata saboda Xylella ko yana kusa da shi. Yaushe aka yi wa uwayen itatuwan gwaji na ƙarshe, kuma a turo maka sakamakon. A cikin rumfar raga mai hana ƙwari aka raine su ko a fili. In daga Turai ne ka tambayi fasfo ɗin tsiro, wani ɗan lakabi ne da ake maƙalawa a jikin tukunya ko ɗaurin dashe, da tutar Tarayyar Turai a kusurwa, sai haruffa A da B da C da D, A sunan tsiron, B lambar rajistar mai gonar, C lambar bin sawu, D ƙasar asali. Shi wannan fasfo ɗin na zirga-zirga a cikin Turai ne, baya maye gurbin takardar shaidar lafiya idan kaya zasu fito zuwa wurinmu, amma mai gonar da ba shi da shi ka san ba mai rajista ba ne.

Akwai tsirrai shida da dokar Turai ta 2020, mai lamba 2020/1201, ta ware tun farko (daga baya an ƙara wasu) a matsayin waɗanda suka fi saurin kamuwa, har ta ce sai an duba an yi gwaji kafin su fara barin gonar da aka raine su: kofi, zaitun, almon, fulawar Nerium oleander, wani irin labanda da ake kira Lavandula dentata, da fulawar Polygala myrtifolia. In abin da kake so yana cikin waɗannan, ko inabi ne ko lemu, ka ninka taka-tsantsan. Ni a ganina ma in akwai irin da kake so a wata cibiyar bincike ko amintaccen mai rainon dashe a cikin gida, ka saya a nan ya fi maka kwanciyar hankali, shigo da sabon iri daga waje aiki ne da ya fi dacewa da cibiyoyi da manyan gonaki masu wurin killacewa.

Wajen zaɓen siffar kayan, ɗan tsiron kwalba da aka samo daga uwar da aka gwada ya fi komai aminci, sai reshe mara ganye, mafi haɗari shi ne babban dashe mai ganye a tukunya da ƙasarsa. Ƙasa dai kar ta biyo kaya kwata-kwata, saiwa a wanke take zuwa, don ita ƙasar tana ɗauke da nata tarin matsalolin daban, tsutsar saiwa da bakteriyar da take kashe tumatir da dankalin turawa. Masu inabi kuma akwai wata dabara da aka tabbatar tana kashe ƙwayar, a tsoma rassan da suke barci, wato lokacin da ba ganye, cikin ruwa mai zafin digiri 50 na tsawon minti 45, EFSA ta amince da wannan tun 2015. Amma fa a can ake yi kafin a turo, a cikin tanki mai na'urar riƙe zafi daidai, kuma a rubuta a jikin takarda cewa an yi. Kar wani ya karanta wannan ya ɗora tukunya a murhu, in zafin ya gaza ƙwayar tana nan, in ya zarce ka dafa idon reshen.

Ranar da takardar ta zo hannunka ka zauna ka karanta ta layi-layi da famit ɗinka a gefe. Sunan mai turowa da naka, sunan kimiyyar tsiron, adadin ɗauri ko kwali, wurin asali, ƙofar shigowa, duk su dace da abin da ke cikin kwalin. Sai ka gangara wurin da aka ware don ƙarin bayani, nan ne zuciyar takardar, nan jami'in zai rubuta cewa kayan sun fito daga yankin da babu Xylella ko an gwada su ba a samu ba, daidai da yadda famit ɗinka ya nema. In wurin nan fayau yake, takardar bata amsa tambayar da aka yi ta dominta ba. Ƙasa da shi akwai wurin maganin da aka yi wa kayan da kwanan wata, sai hatimi da sa hannu. Ka duba kwanan watan ma, ya zama dab da ranar tashin kaya ne, Turai alal misali bata karɓar takardar da ta wuce kwana 14 kafin kaya su bar ƙasar da suka fito. Goge-goge ko gyara da biro ba tare da hatimi a kai ba yana ɓata takarda. Ƙasashe da yawa yanzu sun koma tura ta ta intanet daga hukuma zuwa hukuma, tsarin da ake kira ePhyto, wanda ya rage jabu sosai.

Kaya in sun sauka ka kai kanka wurin jami'an killacewa, bayan kwastan su ma sai sun gani, kar ka bari ejan ya ce maka ya fitar da su ta gefe ya rage maka ɓata lokaci. Za su buɗe, za su iya ɗibar samfur, za su iya riƙe kayan a tashar killacewa, a Najeriya akwai ta Moor Plantation a Ibadan, a raine su a ƙarƙashin ido na wani lokaci kafin a sake maka. Na san yana da ciwo ka kashe kuɗi ka zauna jira damina tana wucewa, shi ya sa tun farko ka sa wannan jiran a lissafinka.

Ko bayan an sake maka su, kar ka kai su tsakiyar gona kai tsaye. Ka ware musu wuri nesa da sauran itatuwa, ka yi rumfa ka rufe da raga mai ƙananan ido wadda ƙwari basa ratsawa, ƙofar ma ta zama tana rufuwa ruf, ka nome ciyawar da ke kewaye tas domin a nan masu kumfar suke girma, a Puglia ma dole ne manomi ya yi huɗa ko ya yanke ciyawar gonarsa a watannin bazararsu don a kashe su tun suna ƙanana. Ka rataya tarkon ƙwari mai danƙo, ruwan ɗorawa, kana dubawa. Kowane dashe ka sa masa lamba, ka sami littafi ka rubuta daga ina ya zo, yaushe, lambar takardarsa, da inda ka dasa shi daga baya. Almakashi da wuƙar auren itace ka ware musu nasu, kana goge su da sinadarin bilic ko sipirit, wannan ɗabi'a ce mai kyau saboda sauran cututtuka ma. Babban abin da nake roƙo shi ne kar ka yanki reshe daga sabon dashen nan ka yi wa wani itace aure, kar kuma ka raba wa abokai, har sai ya shekara aƙalla kana kallon sa, in da hali an sake gwadawa. Aure hanya ce ta kai tsaye, ka ɗauki jijiya mai cuta ka haɗa da mai lafiya da hannunka. Mun san halinmu na kyauta, maƙwabci ya gani ya yaba ka ce ɗebi mana Alhaji, toh a wannan karon ka ce masa ya yi haƙuri zuwa baɗi.

Idan kai ne matafiyi

Tun ranar 14 ga Disambar 2019 dokar Tarayyar Turai mai lamba 2016/2031 ta fara aiki, kuma ta shafi har jakar hannunka. Duk tsiro mai rai, reshe, iri na shuka, fulawa, ɗanyen kayan miya, ɗanyun 'ya'yan itace, sai da takardar shaidar lafiya ko da ƙwaya ɗaya ce. 'Ya'yan itace biyar kawai aka yafe: abarba, kwakwa, ayaba, dabino, da wani ɗan itacen Asiya da ake kira duriyan. Kaga dabinon tsaraba ba matsala, amma mangwaro ko ɗanyen attaruhu ko reshen zogale da Hajiya ta naɗe a leda ta ce a kai wa ɗiyarta ta dasa a tukunya, waɗannan za a karɓe a lalata. Wasu ma ko da takarda ba sa shiga, dashen lemu da na inabi da irin dankalin turawa da ƙasa duk an hana daga ƙasashenmu. Mai kasuwanci kuma sai ya sanar da zuwan kayansa ta manhajar TRACES tun kafin su iso, su bi ta tashar binciken kan iyaka.

Birtaniya bata da cutar kuma ta ɗaure ƙofa sosai, tun Maris 2021 ta hana shigo da dashen kofi da Polygala daga ƙasashen da cutar take, ta tsaurara sharuɗɗa a kan zaitun da almon da labanda da rozmari da oleander. Ostireliya ta sa Xylella a lamba ta ɗaya cikin cututtukan tsirrai da take tsoro, ta kafa matakan gaggawa tun ƙarshen 2015, can in ka ɓoye irin wannan kayan baka rubuta a katin sauka ba bayan tara har biza ana iya soke maka. Amurka ma dole ka bayyana duk wani kayan gona da ke jakarka. Dabarar dai ɗaya ce ko'ina, in kana shakka ka bayyana, wanda ya nuna da kansa yawanci karɓewa kawai ake yi, wanda aka gano ya ɓoye shi ke shan tara.

Kuma abin baya tsayawa a kan mutum ɗaya, duk kamun da aka yi ana rubuta shi da sunan ƙasar da kayan suka fito. Gana ta ɗanɗana, yawan kama ƙwari a kayan lambunta ya sa Turai ta rufe wa barkono da gauta da wasu kayanta ƙofa daga ƙarshen 2015 har ƙarshen 2017, manoman da basu ji ba basu gani ba suka yi asara. Haka in zaka dawo gida daga Italiya ko Sifen ko Amurka, ko ma daga ko'ina ne, kar ka karyo reshen zaitun ko inabi a lambun wani ka ce tabarruki ne zaka dasa a gida, man zaitun da 'ya'yansa na gwangwani ka sayo iya son ranka, ba ta nan take bi ba.

In kuma ka riga ka shigo da dashe a baya ba tare da duk wannan ba, ka je ka duba su yau. A inabi zaka ga gefen ganye ya bushe ya yi ja ko ruwan ƙasa, da wani zobe ruwan ɗorawa tsakanin busasshen wurin da ɗanyen, daga baya faifan ganyen ya faɗi ya bar sandarsa tsaye a jikin reshe, 'ya'yan su yanƙwane tun basu nuna ba, reshen kuma ya ƙi ƙosawa gaba ɗaya, ka ga tsibi-tsibin kore a tsakiyar ɓawon da ya yi duhu. A zaitun rassa ne suke bushewa ɗaiɗai, galibi daga sama, busasshen ganyen yana nan maƙale bai zuba ba. A lemu ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa a saman ganye da tabo mai danƙo a bayansa, 'ya'ya ƙanana masu tauri. Sai dai ka sani ƙishirwa da gishirin ƙasa da yawan taki da zafin rana duk suna kawo irin wannan ƙunar ganyen, don haka kar ka yanke hukunci da kanka, kar kuma ka tsorata unguwa. Ka ɗauki hoto kusa da nesa, ka ɗaura wa itacen ƙyalle don ka gane shi, ka daina yankan komai daga jikinsa, kar ka fitar da ko reshe ɗaya daga gonar, kar kuma ka sare ka jefar a bola ko ka kai kasuwa, in ƙarami ne ka lulluɓe shi da raga. Sannan ka kira malamin gona na yankinku ko ofishin hukumar killacewa mafi kusa, ka ba su littafin nan da ka rubuta asalin kowane dashe, su zo su ɗebi samfur da kansu. A Turai in gwaji ya tabbatar, ana shata mita 50 kewaye da itacen a cire wanda ya kamu da masu iya kamuwa, sannan a sa ido a kan kilomita 2.5 kewaye, kuma ana fara yi wa ƙwarin feshi kafin a sa gatari don kar su watse su tafi da ita gonar maƙwabci.